Ka Fara Koyon Hutawa a Cikin Ruwa

Ƙannena maza da mata, da ku nake, musamman wanda a cikinku ya ba da sunansa a gasar iyo da gudu karo na farko, yanzu rana tana matsowa barci yana ƙaurace masa. Na san gudun bai dame ka ba. Ka saba da shi tun kana bin ƙwallo a filin unguwa, kilomita biyar ba za ta ɗaga maka hankali ba. Ruwan ne matsalar. Da ka tuna za ka shiga inda ƙafarka ba ta taɓa ƙasa, ga mutane gaba da baya suna dukan ruwa, sai gabanka ya faɗi, ka fara laluben uzurin da za ka ba abokai.

Gasar kanta ba doguwa ba ce. A tsarin hukumar tirayatlon (gasar iyo da keke da gudu) ta duniya, wadda aka kafa a Faransa a 1989, akan yi gudun kilomita 2.5, a faɗa ruwa a yi iyon kilomita 1, a fito a ƙara gudun kilomita 2.5. In ruwan da sanyi, sai a fara da iyon, a biyo da gudun kilomita 5 a jere. Gasannin sababbin shiga sukan rage iyon zuwa 'yan ɗaruruwan mita, wasu ma a wurin ninƙaya na gini ake yin su. Akwai ta 'yan ƙure, irin Ötillö ta Suwidin da aka fara a 2006, inda ake ratsa tsibirai mutum biyu-biyu, a yi gudu da kayan iyo a yi iyo da takalmin gudu, tafiyar kusan kilomita 75. Wannan ba taka ba ce tukuna.

Kada ka ji kunyar tsoron nan, gadonsa ka yi. Yawancinmu da muka tashi a garuruwan tudu da bulala aka raba mu da ruwa. Yaro ya dawo gida ido ja, jiki furu-furu da busasshiyar laka, uwa ta gane daga kududdufi yake, ranar sai maƙwabta sun ƙwace shi. In bulala ba ta isa ba a haɗa da labarin 'yan ruwa masu jan ƙafa. Iyayen kuwa suna da hujjarsu, don da wuya damina ta wuce ba a yi jana'izar yaron da kududdufi ya ci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 kaɗai ruwa ya ci mutum kusan 300,000 a duniya, yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Sai dai hani yana tsare yaro ne muddin yana kan tudu. Ranar da jirgin ruwa ya kife a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwamban 2021, akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne, Allah ya jiƙan su, kuma ba wasan ruwa ya kai su ba.

Dubi 'yan'uwanmu na bakin gulbi. A Argungu, ranar bikin kamun kifi, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya abin tattali a 2016, dubban masunta kan ruga su faɗa gulbin Matan Fada lokaci guda, kowa da homarsa da goransa. Ana kuma wasannin Kabanci, har da tseren iyo da nutso da kamun agwagwar ruwa. Halittarsu ɗaya da taka. Su an shigar da su ruwa tun suna ƙanana a hannun wanda ya sani, kai an hana ka, bambancin ke nan. Maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar, ta a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, kullum muna jin ta a wa'azi, mu gyaɗa kai, a watse ba wanda ya kai ɗansa.

Bari in gaya maka abin da ke faruwa a jikinka in firgici ya zo. Sabon mai iyo da ya sa fuska a ruwa sai ya riƙe numfashi. In ya ɗago, ɗan lokacin da yake da shi bai kai daƙiƙa ɗaya ba, a cikinsa yake so ya fitar da tsohuwar iska ya kuma shaƙi sabuwa. Ba ta yiwuwa. Sai ya ɗan zuƙi kaɗan a kan wadda bai fitar ba, ya koma. Kafin ya ja hannu ashirin, gurɓatacciyar iskar kabon da jiki ke son rabuwa da ita ta taru a jini, ita ce kuwa ke sa mutum ya ji an shaƙe shi, tun kafin oksijin ta yi masa ƙaranci. Daga nan ya ɗaga kai yana neman iska. Kai na da nauyi, da ka fito da shi sama ƙafafu za su yi ƙasa. Jiki ya miƙe tsaye, ya shiga dukan ruwa, ƙarfin da zai kai shi mita ɗari ya ƙare a wuri ɗaya, ya kurɓi ruwa, ya ƙware, haki ya ninka. Duk cikin rabin minti. Shi ya sa za ka ga saurayin da ke gudun kilomita goma ba hutu ya rungume bango bayan mita 25, yana cewa shi ba shi da ƙarfin iyo. Ƙarfi kam har ya yi masa yawa. Fitar da numfashi ne bai iya ba.

Nan za ka fara. Tsaya inda ruwa ya zo maka ƙirji, dafa bango, sa fuska a ruwa, busa iska ta hanci da baki a hankali har ka ji tana ɓulɓula a kunnenka, ɗago ka shaƙa da baki, koma. Cikin ruwa fitarwa, sama shaƙa kawai. Aiki ne maras ƙawa, yara ƙanana za su wuce ka suna dariya. Ci gaba da yi. Ranar da abin ya gundure ka, fuskarka na cikin ruwa kana tunanin abin da za ka ci da dare, to ka ci wannan darasi.

Sai babban darasin, wanda da za a ce in ɗauki ɗaya in bar saura, shi zan ɗauka. Koyi kwanciya rigingine a kan ruwa ba ka yin komai. Masuncin Argungu yakan ɗora cikinsa a kan gora ya yi ta yawo a tsakiyar gulbi, goran ba ya nutsewa don iska ce cike da shi. Kai ma kana da naka goran a ƙirji, shi ne huhunka. Jikin ɗan Adam bai fi ruwa nauyi da wani abin kirki ba, iskar da ke huhu ta isa ta riƙe fuska a sama in ka bar ta ta yi aikinta. Mai da kai baya har kunnuwa su shige ruwa, ido na kallon sama, ware hannuwa da ƙafafu, turo cibiya sama. Ƙafafun za su ɗan yi ƙasa, musamman ku 'yan gudu da ba ku da kitse, don tsoka da ƙashi sun fi kitse nutsewa. Ba komai, ɗan kaɗa tafin hannu da ƙafa a hankali ya wadatar. Wahalar duk a sakin wuya take. Mai tsoro ba ya son ruwa ya shiga kunnensa, sai ya lanƙwasa wuya yana leƙen ƙafafunsa, nan take ƙugu ya yi ƙasa. Don haka ake so mai koyarwa ya tallafi ƙeyarka da tafin hannu, ya riƙa janyewa kaɗan-kaɗan har ka ankara ba hannun kowa a ƙarƙashinka. Michael Phelps ɗan Amurka, mai lambar zinare 23 a wasannin Olamfik, da aka kai shi koyon iyo yana ɗan shekara bakwai tsoron sa fuska a ruwa yake yi, da rigingine aka fara masa.

Abin da ya sa na nace a kan wannan shi ne, tsoron zurfi tsoron rashin wurin tsayawa ne. A gudu in ka gaji ka tsaya, ƙasa na nan tana jiran ka. A ruwa zuciyarka ta ɗauka tsayawa ita ce halaka, shi ya sa take ingiza ka sauri, saurin kuma ya jawo hakin da kake gudu. Ranar da jikinka ya tabbatar zai iya tsayawa a tsakiyar ruwa ya huta minti biyar, zurfin mita biyu da na mita ashirin sun zama ɗaya a wurinka. Saboda haka ka haɗa hutun da iyon. Ja hannu goma rub da ciki, mirgina rigingine, ja numfashi uku, mirgina ka ci gaba. Maimaita har ya zama jikinka na yi ba da shawararka ba, don ranar da za ka buƙace shi ba za ka sami zarafin tunani ba.

Tsoro ba ya jin wa'azi, ba ya jin gori. Abokan da ke hankaɗa mutum cikin zurfi wai don ya saba, mugunta suke yi ko da wasa suke nufi, kuma da yawa daga masu ƙin ruwa har tsufansu irin wannan ce ta same su suna yara. Abin da masana halayyar ɗan Adam suka tabbatar yana aiki shi ne kusantar abin tsoro mataki-mataki, ka zauna a kowane mataki har bugun zuciya ya lafa kafin ka ƙara gaba. In ka fice da gudu lokacin da tsoron ke ganiyarsa, ka koya wa jikinka cewa gudun ne ya cece shi, gobe ya fi na yau. Rabin sa'a sau uku a mako ya fi sa'a uku rana ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

A ina za a koya? A wurin ninƙaya mai tsabta, na jami'a ko na filin wasa ko na otal, inda akwai mai ceto da ke zaune yana kallo. Na san da kuɗi, na san kuma ba kowane gari ke da shi ba. Duk da haka ban yarda ka tafi kududdufi ba. Yawancinsu ramukan haƙar ƙasar gini ne, taku ɗaya ruwa a gwiwa, taku na biyu ya shanye ka, ga laka mai riƙe ƙafa, ga tsargiya, wadda ƙwayarta ke fita daga katantanwar ruwa ta shiga ta fata. Kada kuma ka shiga ruwa kai kaɗai ko ka ƙware, ruwa kan ci gwani. Wanda ke nutsewa ba ihu yake yi ba, numfashinsa bai isa ihu ba, shiru yake tafiya mutane na kusa da shi suna hira. Gasar daɗewa a ƙarƙashin ruwa da samari ke so, ita ma ka bar ta. Wanda ya yi ta jan numfashi da sauri kafin ya nutsa yana kashe ƙararrawar da ke gaya masa ya fito, sai ya suma a ƙasa bai ji komai ba.

Ke ƙanwata, duk abin da na faɗa da ke nake, da ƙari ɗaya. Kada ki shiga ruwa da zane ko dogon hijabi, suna shan ruwa su yi nauyi su naɗe ƙafa. Akwai kayan iyo masu rufe jiki daga kai har idon sawu, marasa nauyi, an yi su don wannan. Ki nemi mace mai koyarwa da lokacin da aka ware wa mata. In babu, ku haɗu ku da yawa ku nema, mai wurin ya fi sauraron mutum goma.

In gasar a tafki ko teku za a yi, to akwai sauran aiki, don wanda ya saba da wurin ninƙaya ya saba da abubuwa uku da ba zai same su a can ba: ruwa garau, layin da aka zana a ƙasa, da bangon kamawa. A tafki za ka sa fuska ka ga duhu, tafin hannunka ma da ƙyar. Mutane da yawa da suka iya iyo sarai a nan suke firgita. Kada ranar gasa ta zama ranar farko da ka ga wannan duhu. Je ka tare da masu koyarwa da mai kwale-kwale, tsaya kusa da gaɓa, maimaita darasin busa iska da na rigingine tun daga farko. Koyi kuma duba hanya: bayan jan hannu shida ko takwas ka ɗan fito da ido kawai, ka hango babban balan-balan ɗin da aka ɗaure don nuna hanya, ka mai da fuska. Wanda bai duba ba yakan karkace, ya yi iyon da ba a sa shi ba. Sai sanyi. Ruwan sanyi in ya bugi fata farat ɗaya yana sa mutum zuƙar iska ba da son ransa ba, numfashi ya yi ta fizga, zuciya ta yi ta bugu. Farfesa Mike Tipton na jami'ar Portsmouth a Ingila ya daɗe yana bincike a kan wannan, an kuma gano abin yakan lafa cikin minti ɗaya zuwa biyu, kuma shiga ruwan sanyi na 'yan mintuna sau biyar ko shida yana rage shi sosai. Shawarar masu ceto na gaɓar tekun Birtaniya ga wanda ya faɗa irin wannan ruwa ita ce dai ta ɗazu, ya kwanta rigingine har numfashi ya daidaita. Kai dai kafin a tashi gasa ka shiga ka jiƙa fuska da wuya, ka ɗan yi iyo, jiki ya gama mamakinsa.

Wata magana da ba a so a ji. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2017 ya bi mutuwa da tsayawar zuciya 135 da aka samu a gasannin tirayatlon na ƙasar daga 1985 zuwa 2016, ya tarar 90 a cikin iyo suka faru. Abin ba yawa gare shi ba, bai kai mutum 2 cikin 100,000 ba, kuma akasari maza ne da suka manyanta, da dama da ciwon zuciyar da ba su san da shi ba. Amma in ka taɓa suma a wajen motsa jiki, ko ƙirji na maka ciwo in ka yi gudu, ko wani a gidanku ya yi mutuwar farat ɗaya yana matashi, ga likita kafin ka shiga. Haka mai asma da mai farfaɗiya. Mai sikila ma ya yi shawara, don sanyi da wahala na tayar da ciwon. Faɗa wa masu shirya gasa halin da kake ciki ba kasawa ba ce.

Ranar gasa babban abokin gabarka shi ne abin da ka fi iyawa. In da gudu aka fara, za ka ga mutanen da ka san ka fi su suna gabanka, zuciya ta ce wuce su. In ka biye mata za ka iso bakin ruwa kana haki, ka shiga da bashin numfashi, ruwa kuwa ba ya ɗaga wa mai bashi ƙafa. Riƙe kanka, yi gudun da za ka iya magana a cikinsa, mita ɗari biyu na ƙarshe ka ƙara sassautawa. In da iyo aka fara, kada ka tsaya gaba ko tsakiya, nan ake shan ƙafa a fuska, a ture wa mutum tabaran ruwa, a bi ta kansa, ba da gangan ba. Koma baya ta gefe. A busa usur, ƙirga goma, bar su su tafi da hayaniyarsu, sannan ka shiga. Daƙiƙa goman nan ba su ne za su hana ka komai ba.

Ka kuma san dokar, don saninta kaɗai na rage rabin fargaba. Ba a tilasta maka salon iyo ɗaya ba, kana iya yin na rigingine ko na kwaɗo. Kana iya tsayawa ka huta, har ka dafa balan-balan ko kwale-kwalen da ke tsaye, in dai ba ja ka ya yi gaba ba. In ka ga abin ya fi ƙarfinka, ɗaga hannu ɗaya sama, masu ceto za su zo, aikin da aka ajiye su dominsa ke nan. Ka saurari bayanin da masu gasa ke yi kafin a fara, don kowace na da 'yan ƙa'idojinta. Firgicin kuma ka sa ran zuwansa, yawanci a mita ɗari ko ɗari biyu na farko. In ya zo kada ka yi gardama da shi. Mirgina, kalli sama, fitar da iska a hankali, ƙirga numfashi biyar, nemi balan-balan na gaba, nufe shi shi kaɗai.

Za a ba ka labarin Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini don a ƙarfafa maka gwiwa. A Olamfik ta Sidni a 2000 ya shiga iyon mita 100 bayan 'yan watanni da fara koyo a ƙaramin wurin ninƙaya na otal, bai taɓa ganin mai tsawon mita 50 ba. Su uku ne a rukuninsu, sauran biyun, ɗan Nijar da ɗan Tajikistan, suka yi riga malam masallaci suka faɗa ruwa kafin a ba da izini, aka fitar da su. Ya yi iyon shi kaɗai. Ya tafi da ƙarfi, a dawowa ya kusa tsayawa, jama'a na ta ihu har ya taɓa bango a minti 1 da daƙiƙa 52.72, fiye da ninkin lokacin wanda ya ci zinare. Labari ne mai daɗi, amma ka lura a ina ya yi wannan jarumtaka: ruwa garau, igiya dama da hagu, dubban idanu a kansa. Tafki ba ya ba da wannan rangwame. Ni abin da ya fi burge ni a lamarinsa ya zo ne bayan kyamarori sun tafi, ya koma ya yi ta koyo har ya sauko ƙasa da minti ɗaya, a 2012 kuma aka ba shi horar da 'yan iyon ƙasarsa.

In ka kusa gaɓa ka ƙara kaɗa ƙafa don jini ya sauka, kada ka miƙe sai hannunka ya taɓa ƙasa. Za ka ji jiri da ka tashi tsaye, na ɗan lokaci ne, taka a hankali. Sa takalmi a natse. Daga nan an dawo gidanka, wato gudu, duk wanda ka bari ya wuce ka ɗazu yanzu ne lokacin bin sa.

Saura mako biyu gasa, ka gwada kanka a gaban mai koyar da kai. Yi iyon tsawon da za a yi a gasar, da ɗan ƙari, ba tare da ka dafa bango ko ka taka ƙasa ba, sannan ka kwanta rigingine a wuri mai zurfi minti biyu. In ka iya, je ka, Allah ya ba da sa'a. In ba ka iya ba, ce a mai da sunanka gasa ta gaba, ka bar masu gori su yi gorinsu. Kuma ranar da za ka koma wurin ninƙaya, ka roƙi Mama ta bar ka ka tafi da ƙanenka.